Bayan An Sallamo Yaro: Wa Ke Bin Sawun Waɗanda Suka Warke Daga Ciwon Daji?

Bahaushe bai yi ƙwauron kalmomi ba a sha'anin rashin lafiya. In mutum ya kwanta, a yi masa sannu, a tambaye shi yaya jiki, shi kuwa ko da ciwon ya kai inda ya kai, sai ya amsa da cewa da sauƙi. In ya tashi, a yi masa barka da arziki. In kuwa kwana ya ƙare, akwai ta'aziyya da irin nata lafazin. Amma na duba iyakar dubawata, ban sami gaisuwar da muka tanada domin mutumin da ya warke tun shekara 15 da suka wuce, alhali har yau jikinsa na biyan bashin maganin da ya warkar da shi ba. A wurinmu labarin jinya yakan ƙare ne ranar da likita ya sa hannu a takardar sallama, kamar yadda mai tatsuniya kan ce ƙurunƙus, yara su watse, kowa ya nufi makwancinsa.

Ni malamin adabi ne, ba likita ba, saboda haka wani zai iya cewa me ya haɗa kifi da kaska. Abin da ya haɗa mu shi ne, kowace shekara ina ganin matasan malamai da ɗalibai masu neman digiri na uku suna kai gwauro suna kai mari wajen neman batun da za su yi bincike a kansa, daga ƙarshe su koma kan abin da aka riga aka tattake. Ga kuwa wani fage nan a ƙofar gidanmu, fili fetal, wato rayuwar yaran da suka kamu da ciwon daji, aka yi musu magani suka tashi, suka girma a tsakaninmu. Yaya zukatansu da ƙodarsu? Suna haihuwa? Sun gama makaranta? Me suke faɗa wa kansu game da abin da ya same su? Zan yi maganar ne daga Kafanchan da ƙasar Kudancin Kaduna, domin can na tashi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ciwon da muka sani tun ba mu san sunansa ba

Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, don haka yarintata a gefen tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan na yi ta. Tun wajen 1927 garin ya zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya nufi Kaduna, da reshen da ya hau Jos, kuma har zuwa ƙarshen shekarun 1980 tashar ba ta rabuwa da jama'a. A cikin masu jiran jirgi nakan ga uwa ta zauna a kan ƙullin kayanta, ta rungume yaro an lulluɓe masa rabin fuska da zane. In iska ta ɗaga zanen, sai ka ga muƙamuƙi ya kumbura har ya ture haƙora, wani lokaci ya tura ido waje. Mu yara mukan ce hangum ne ya yi yawa. Manya kuwa sukan yi ƙasa da murya su ce daji ne, ko su ce jifa ne.

Sai da na girma na san cewa wannan ciwo yana da suna da tarihi. Wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1958, bayan ya yi ta ganin irinsa a asibitin Mulago da ke Kampala ta ƙasar Yuganda. A 1961 ya zagaya asibitocin gabashi da kudancin Afirka a mota yana tambaya, ya gano cewa ciwon ya fi yawa a wurare masu ɗumi da yawan ruwan sama, wato dai wuraren da sauro ke cin karensa ba babbaka. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar cuta a cikin ƙarin, aka kuma fahimci cewa haɗuwar wannan ƙwayar cuta da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa ita ke buɗe wa ciwon ƙofa. Duk wanda ya san damunar Kagoro da Kwoi da Zonkwa, ya san cewa ƙasarmu na cikin irin wuraren da Burkitt ya zana a taswirarsa.

Nijeriya ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. An kafa rajistar masu ciwon daji a Ibadan tun 1960. A Asibitin Koyarwa na Ibadan ne Victor Anomah Ngu ya yi ta jinyar irin waɗannan yara da magani, aikin da ya sa ya shiga cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972. A Ibadan ɗin ne kuma, a 1963, Farfesa Pulvertaft ya raya ƙwayoyin ƙarin wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara 11 a ɗakin gwaji. Waɗannan ƙwayoyi, da ake kira Raji, har yau ana renon su ana bincike da su a jami'o'in duniya. Abin da ke tsaya mini a rai ke nan: duniya ta adana ƙwayoyin ciwon yaronmu fiye da shekara 60, mu kuwa yaron da ya warke a asibitinmu, da ya fita ƙofa sai mu ɓatar da sawunsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ke kamuwa da ciwon daji kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 na warkewa, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da yawa kuwa ba a kai 30 cikin 100 ba. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da wani shiri da nufin a kai 60 cikin 100 a duniya baki ɗaya kafin 2030, ta kuma ware cututtuka 6 da za a fi mai da hankali a kansu. Cikinsu akwai ciwon Burkitt, da dajin ƙoda na yara, da dajin ido, da sankarar jini. In wannan shiri ya ci ko da rabin nasara, yawan waɗanda suka warke zai ƙaru a garuruwanmu, tambayar da nake yi kuma za ta ƙara nauyi.

Bashin da magani ke bari a jiki

Maganin daji guba ne da aka auna. Aikinsa shi ne ya kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, jikin yaro kuwa gaba ɗayansa cikin girma yake. Shi ya sa kowane magani ke da wurin da yake barin tabonsa. Saikulofosfamaid, wanda shi ne ƙashin bayan jinyar ciwon Burkitt a Afirka, in ya yi yawa yana iya taɓa ƙwayoyin haihuwa, musamman na maza. Dokzorubisin, ruwan nan ja da ake ɗura wa masu dajin ƙoda da sankarar jini, yana iya raunana naman zuciya a hankali, ba a ga alama ba sai bayan shekara 10 ko 20, wani lokaci sai yarinya ta girma ta ɗauki ciki, zuciya ta kasa ɗaukar nauyin. Sisfilatin na rage ji da ƙarfin ƙoda. Gashi da na'ura a kai, da maganin da ake zubawa ta ƙashin baya, suna iya rage saurin fahimta da riƙe karatu. Gashi a ƙirji yana ƙara haɗarin kamuwa da dajin nono daga baya. Wanda aka cire wa ƙoda zai rayu da guda ɗaya, wanda aka cire wa ido kuma, in nasa ciwon na gado ne, 'ya'yansa na bukatar a duba idanunsu tun suna jarirai.

Tun a shekarun 1970 wani likitan yara a Amurka, Giulio D'Angio, ya yi ta jan hankalin abokan aikinsa cewa warkarwa kaɗai ba ta wadatar ba. A 1994 aka fara wani babban bincike a Amurka da Kanada, aka bi sawun dubban mutanen da aka gano ciwonsu tsakanin 1970 da 1986, waɗanda suka rayu aƙalla shekara 5 bayan haka. Dabarar masu binciken ita ce, sun gwada su da 'yan'uwansu na ciki ɗaya, waɗanda suka tashi gida ɗaya suka ci tuwo ɗaya amma ba su yi ciwon ba. Sakamakon da aka buga a 2006, a kan mutum 10,397 da matsakaicin shekarunsu bai kai 27 ba, ya nuna cewa 62 cikin 100 na fama da aƙalla ciwo ɗaya mai daɗewa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kuma nasu mai tsanani ne. Haɗarin kamuwa da ciwo mai tsanani ya ninka na 'yan'uwansu sau 8. Wannan sani ya sa likitoci suka rage gashi a kan yara, suka sake auna magunguna, suka kuma tsara irin gwajin da ya kamata a riƙa yi wa kowa gwargwadon maganin da ya sha. A Turai ma an kafa ƙungiyar PanCare a 2008, aka ƙirƙiro wata takarda mai kama da fasfo, wadda ake rubuta wa wanda ya warke sunan ciwonsa, da magungunan da ya sha, da yawansu, da gaɓoɓin da ya kamata a sa wa ido.

Wani ɗalibi da tambayar da ba ta da amsa

Darajar irin wannan takarda ta bayyana gare ni ne ta hanyar wani ɗalibina, ɗan wani ƙauye da ke gindin duwatsun Kagoro. Yaro ne mai natsuwa, mai kyakkyawar Hausa, gefen fuskarsa na hagu ya ɗan lotsa, haƙoran wajen kuma ba su jeru daidai ba. Wata rana ya zo ofishina neman izinin tafiya na kwana uku. Na ce, "Lafiya dai ko?" Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Malam, maganar aure ce ta taso, dangin yarinyar kuma sun ji labarin na yi daji ina ƙarami. Sun ce sai an tabbatar ina iya haihuwa."

Ya ba ni labari cewa yana ɗan shekara 7 fuskarsa ta kumbura. An fara da sassaƙe da shafe-shafe, aka kai shi wurin addu'a, sai da abin ya gagara sannan aka nufi wani babban asibiti mai nisa. Mahaifinsa ya sayar da cittar da ya noma tun ba ta yi daraja ba, ya jinginar da gona, yayarsa kuma ta bar makaranta don ta riƙe gida. Abin da shi yake iya tunawa shi ne amai, da zubewar gashin kansa, da wata allura da ake yi masa a baya yana dunƙule. Bayan an sallame shi an ce su dawo bayan wata uku. Ba su koma ba, domin kuɗin mota ya gagara, yaro kuma ga shi yana gudu da ƙafafunsa.

Da ya je ganin likita a kan maganar auren, tambayar farko da aka yi masa ita ce: wane magani aka ba ka, kuma nawa? Bai sani ba. Ya koma asibitin da aka yi jinyarsa, aka yi ta tonon fayil-fayil har kwana biyu, ba a sami nasa ba. Ya tambayi mahaifiyarsa, ta ce, "Ɗana, ni na san ruwa ne a leda, na san kuma Allah ya tashe ka. Me kuma kake tonowa?" Sakamakon gwajin da ya yi daga baya sirrinsa ne, ba kuwa zan taɓa shi a nan ba. Abin da ya dame ni shi ne, saurayi mai shekara 20 da 'yan kai, mai karatun jami'a, ba ya da ko layi ɗaya a rubuce game da abu mafi girma da ya taɓa faruwa ga jikinsa. Ban kuma yi zaton shi kaɗai ne ba.

Me ya hana mu ari lissafin Amurka?

Mai karatu na iya cewa tunda Turawa sun yi binciken, sai mu ɗauko sakamakonsu mu yi aiki da shi. Rigar aro ba ta rufe katara. Da farko, cututtukan sun bambanta: a can sankarar jini da dajin ƙwaƙwalwa ne suka fi yawa cikin waɗanda suka warke, a nan kuwa ciwon Burkitt da dajin ƙoda da na ido suna da babban kaso. Na biyu, magungunan da ake ba yaranmu da yawansu sun sha bamban da nasu. Sau da yawa namu sun fi sauƙi, wani yaron ma bai kammala zagayen maganin ba, don haka wataƙila wani lahanin ya yi ƙaranci a wurinmu, wani kuma ya fi yawa. Na uku, jikin da ya warke a nan zai koma ne cikin zazzaɓin cizon sauro, da ciwon hanta, da sikila, da ƙarancin abinci mai gina jiki, da magungunan kashe zafi da ake saye a kemis ba da takardar likita ba, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da suke yi wa ƙoda ba. Mai ƙoda ɗaya da ke zaune a ofis mai sanyi daban, mai ƙoda ɗaya da ke huɗar citta a rana daban. Ba wanda zai auna mana wannan in ba mu ba.

Ƙofofin bincike

Ƙofa ta farko ita ce ta ƙidaya da nemowa, kuma ita ce uwar sauran. Yaran Kudancin Kaduna kan watsu ne wajen neman magani: wasu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tafiyar da ta haura kilomita 200 daga Kafanchan, wasu Jos, wasu Kaduna, wasu Abuja. Ɗalibin kiwon lafiyar al'umma zai iya gina kundinsa a kan tattara sunayen da ke cikin littattafan waɗannan asibitoci, sannan ya bi sawu ƙauye ƙauye ya ga wa ke raye. Aikin na da wuya, domin lambobin waya sun canza, adireshi kuma sau da yawa bai wuce sunan ƙauye ba, rikice-rikicen da yankin ya sha, irin na 1987 da 2011 da na bayansu, sun kuma raba iyalai da gidajensu. Amma muna da abin da Turawa ba su da shi: dagatai da masu unguwanni, da limamai da fastoci, da ƙungiyoyin zumuntar mata, waɗanda suka san ɗan wane da jikan wance. Yadda za a nemo ɓataccen majinyaci ta waɗannan hanyoyi, ba tare da an tona asirinsa ba, shi kansa ya isa kundin digiri.

Ƙofa ta biyu ta likitoci ce da masana magunguna da ma'aikatan jinya. Awon hawan jini, da gwajin fitsari da na jini domin ƙoda, da awon ji, da hoton zuciya, ba su fi ƙarfin babban asibiti ba. In aka auna waɗanda suka warke, aka gwada su da 'yan'uwansu kamar yadda aka yi a Amurka, za a san gwajin da ya zama dole da wanda za a iya bari, sanin da ke da muhimmanci ga mai ƙaramin aljihu.

Ƙofa ta uku ita ce ta haihuwa da aure, inda ilimin likita da na zamantakewa ke haɗuwa. A al'ummar da ake auna darajar aure da haihuwa, jita-jita kaɗai ta isa ta rushe baiko. Mutum nawa ne suka rasa aure saboda tsoron da ba shi da tushe? Nawa ne kuma suke da matsalar da gaske, ba wanda ya gaya musu, aka bar matansu da ɗaukar laifi? Wa ya kamata ya faɗa wa yaro, kuma yana ɗan shekara nawa?

Ƙofa ta huɗu ta masana ilimi ce da tattalin arziki. Yaron da ya yi shekara guda ba ya aji, ya dawo da raunin ji ko ido ɗaya, malaminsa bai san dalili ba, sai a sa shi a layin dakikai. Gidan da ya sayar da gona da dabbobi kuma, shekara nawa yake ɗauka kafin ya miƙe? Manoman Kachia da Jaba da Kagarko sun ga yadda cutar da ta faɗa wa citta a 2023 ta cinye jarin shekara guda. Gidan da irin wannan asara ta haɗu masa da jinyar daji fa? Akwai kuma 'yan'uwan majinyaci, irin yayar ɗalibina, waɗanda ba su kwanta a gadon asibiti ba amma sun biya da karatunsu.

Ƙofa ta biyar tamu ce, mu mutanen harshe da adabi, kuma a nan nake so abokan aikina su saurare ni da kyau. Dubi kalmar kanta. Mun kira ciwon da sunan daji, wato wurin da ba gida ba, mazaunin namun dawa da iskoki, inda doka ba ta kai ba. Wanda aka ce daji ya kama shi, yaya jama'a ke kallonsa in ya dawo? Muna da sankara, muna da kansa da muka aro, kowacce da inuwar da take jefawa a zuciyar mai ji. Susan Sontag ta rubuta littafi a 1978 a kan yadda kwatance-kwatancen da Turawa ke yi wa wannan ciwo ke ƙara wa majinyaci nauyi, Arthur Kleinman kuma ya yi nasa a 1988 a kan labaran da marasa lafiya ke bayarwa. A gida, Murray Last da Lewis Wall sun yi nazarin yadda Bahaushe ke fahimtar cuta da magani a ƙasar Malumfashi, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya yi zurfi a kan magungunan Hausawa. Turba tana nan, saura a bi ta zuwa ɗakin yara masu daji.

Kudancin Kaduna na da wani abu na musamman a wannan fage. Uwa Bajju ko Atyap ko Ham ko Fantswam tana tunanin ciwon ɗanta da harshenta, ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya da Hausa, likita ya rubuta da Ingilishi, sannan bayani ya sake biyo wannan hanya ya dawo. Me ke zubewa a tsakani? In likita ya ce ciwon ya lafa, aka fassara mata da cewa ya warke, wa zai ga laifinta in ba ta dawo ba? Ɗalibin fassara zai iya zama a asibiti, da izini, ya naɗi irin wannan zance ya feɗe shi. Wani ya tattara labaran waɗanda suka warke daga bakinsu, ya nazarci zubi da jigo da salonsu kamar yadda muke yi wa kowane labarin baka. Wani kuma ya haɗa kai da likita su tsara takardar nan mai kama da fasfo da Hausa mai sauƙi, su gwada ta a Kafanchan da Zonkwa da Kwoi, su ga ko ana fahimta, ko ana adanawa. Da ɗalibina na da irinta a cikin akwatin mahaifiyarsa, da tafiyarsa ta kwana uku ta zama ta yini ɗaya.

Ina za a kama?

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ga 'yan wuraren da mai niyya zai fara ƙwanƙwasawa. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da reshe a Kafanchan da asibitin koyarwa na Barau Dikko a Kaduna. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan da sabuwar jami'a a Kachia. Sabon wuri kuwa shi ya fi sauƙin a dasa masa al'adar adana bayanai tun daga tushe. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jos na da likitocin yara da za su iya duba aikin ɗalibi. Akwai Cibiyar Bincike da Jinyar Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda aka yi dokarta a 2017 ta kuma fara aiki a 2023. Asusun TETFund na ɗaukar nauyin malaman manyan makarantu su yi digiri na uku, yana kuma da asusun bincike na ƙasa. Hukumar bayar da tallafin karatu ta Kwamanwels tana da tsarin da ɗalibi zai yi rajista a jami'arsa ta gida, ya je Ingila shekara guda ya ƙaro ƙwarewa, ya dawo ya kammala.

Shawarata ga mai shiga wannan fage uku ce. Ya nemi masu duba aiki biyu, ɗaya daga asibiti ɗaya daga fanninsa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin ya buɗe fayil ko ya ɗauki na'urar naɗar magana, ya kuma tuna cewa wani bai ma san ya taɓa yin daji ba, wata kuma mijinta bai sani ba. Sallama ɗaya ta ganganci a ƙofar gida na iya kashe aure. Na uku, kada ya auna mutum, ya gano zuciyarsa ta raunana, sannan ya rubuta lamba a kundinsa ya yi gaba. Tun kafin a fara, a san inda za a tura wanda aka samu da matsala da wanda zai biya.

Na san akwai mai cewa wannan duk gaggawa ce, tunda mafi yawan yaranmu ba sa ma kaiwa ga warkewa. A fara ceton rai tukuna. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, kuma ba na jayayya da cewa gano ciwo da wuri da samar da magani su ne kan gaba. Sai dai ayyukan biyu ba kishiyoyi ba ne. Babban abin da ke sa iyaye gudu da yaro daga asibiti, bayan talauci, shi ne imanin cewa daji ba ya warkewa. Ba abin da zai karya wannan imani kamar a ga saurayi ko budurwa daga ƙauyensu, da suna da dangi, sun sha maganin sun tashi, ana kuma kula da su. Bayan haka, bayanin da ba a rubuta yau ba, ba za a same shi ba bayan shekara 20. Yaron da ake ɗura wa magani a wannan makon, in Allah ya raya shi, zai zo da tambayarsa wajen 2045, amsar kuwa yau ake rubuta ta ko a yi sakacinta.

Saboda haka, ya kai ɗalibi mai neman batu, kafin ka ƙara wani kundi a kan abin da mutum goma suka riga ka, leƙa wannan fage. Ba ya bukatar ka bar fanninka. Masanin harshe na da aiki a ciki kamar yadda likitan zuciya ke da shi. Mutanen da za ka yi aiki da su kuwa ba su da nisa. Suna kasuwar Kafanchan, suna gonakin citta, wasu ma suna zaune a bayanka a cikin aji, sun yi shiru domin ba wanda ya taɓa tambayar su.